Akwatin Wasiƙa Na Cikin Gajimare, Da Yadda Ake Rabuwa Da Shi

Maganarmu ta yau wani dattijo ne ya jawo ta, mai fataucin goro a zangon Kumasi, wanda ya aiko mana da takarda yana kuka da sabuwar kwamfutar da ya saya domin lissafin kantinsa. Ya ce ran da aka kawo ta, yaron da ya haɗa masa ita ya buɗe masa wani sabon adireshin imel ba da saninsa ba. Tun daga ran nan, duk sa'ad da ya latsa adireshin wani abokin cinikinsa zai rubuta masa, sai wata baƙuwar manhaja ta buɗe, ta aika da wasiƙar da wannan sabon adireshi wanda ba wanda ya san shi da shi. Amsoshi kuwa can suke faɗawa, inda ba ya dubawa. Har wani dillalinsa na Legas ya yi mako uku yana jiran amsa kan maganar kuɗi, ya ɗauka wulaƙanta shi aka yi. To, abu biyu Alhaji ke nema: ya rabu da wannan adireshi da bai roƙa ba, kuma manhajarsa ta dā ta komo bakin aikinta. Amma yana tsoron kada wajen korar baƙo ya haɗa da 'yan gida, watau wasiƙunsa na shekara da shekaru su salwanta.

Tsoron nan nasa yana kan hanya, ni kuwa zan gaya muku dalili nan gaba kaɗan, gama abin ya taɓa cina.

Kafin mu taɓa kome, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku waɗanda mutane da yawa ke ɗauka abu guda ne. Ku tuna da gidan waya. Mutum yakan kama akwati a can, mai lamba, a ba shi makulli. In shi babban mutum ne ba ya zuwa da kansa, sai ya aiki masinja da makullin, ya buɗe, ya kawo masa abin da ya samu. To, haka imel yake. Akwatin shi ne asusunka, wanda ke zaune a wurin kamfanin da ya ba ka adireshi. Makullin shi ne kalmar sirri. Masinjan kuwa shi ne manhajar da ke cikin kwamfutarka ko wayarka, irin su Outlook, da Thunderbird, da Mail ta kamfanin Apple. Kana iya sallamar masinja akwati na nan daram. Kana iya karɓe makulli daga hannunsa. Kana kuma iya zuwa ka ce a rufe akwatin ɗungum. Aiki uku ne dabam dabam, kuma na ukun ne kaɗai ba a komowa daga gare shi.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba. Cikin shekarar 1971 wani injiniya na ƙasar Amurka mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ domin ta raba sunan mutum da sunan gidan da akwatinsa yake. Cikin 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da gidajen ke bi su miƙa wa juna wasiƙa, wadda ake kira SMTP, har yau kuwa ita ake bi. A zamanin nan sai wanda ke jami'a ko babbar ma'aikata ke da akwati. Talaka bai samu shiga sosai ba sai 1996, sa'ad da Sabeer Bhatia da Jack Smith suka buɗe Hotmail, inda kowa ke iya kama akwati kyauta ya duba shi daga kowace kwamfuta a duniya. Kamfanin Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, shekarar da Yahoo ma ya buɗe nasa. Gmail ya zo ran 1 ga Afrilu 2004, iCloud na Apple kuma cikin 2011.

Waɗannan su ne ake ce wa akwatunan cikin gajimare. Sunan yana da daɗin ji, amma fa ba gajimaren kome a ciki. Manyan gine-gine ne a ƙasa, cike da dubban kwamfutoci jere kamar buhuna a sito, suna cin wutar lantarki dare da rana, suna fid da zafi wanda sai an yi ta sanyaya su. Akwai irinsu da yawa kewaye da birnin Dublin na ƙasar Ayalan. Akwai wani na Google a garin Hamina na ƙasar Finlan, wanda ake sanyayawa da ruwan teku, kuma abin dariya, dā can masana'antar yin takarda ce. Wasiƙar da Alhaji ya rubuta a Kumasi takan bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin wadda ake kira MainOne da ta iso Ankara da Legas cikin 2010, ta je ta kwana a irin waɗannan gidaje. Saboda haka in ka ji an ce wasiƙarka tana gajimare, ma'anarsa tana cikin kwamfutar wani, a ƙasar wani.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Masinjoji iri biyu ne, kuma halinsu ya bambanta ƙwarai. Na farko yana bin ƙa'idar da ake kira POP, wadda aka fara rubutawa cikin 1984. Shi wannan in ya je akwati kwashe wasiƙun yake yi ya kawo gida, sau da yawa kuma ya bar akwatin wayam, in ba an gargaɗe shi ya bar kwafi ba. Na biyu yana bin ƙa'idar IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙago a Jami'ar Stanford cikin 1986. Shi kuwa ba ya ɗauke kome, sai dai ya kawo maka hoton abin da ke ciki, ainihin wasiƙun suna can. Shi ya sa kake ganin wasiƙa guda a wayarka da kwamfutarka lokaci ɗaya, in kuma ka share ta a nan sai ta ɓace a can. To, in masinjanka mai bin IMAP ne, cire asusu daga manhaja ba ya cutar da kome, gama wasiƙun suna wurin kamfani. In kuwa mai bin POP ne, mai yiwuwa ne wasiƙun nan ba su da wani mazauni a duniya sai cikin na'urar da ke gabanka, kuma akwai manhajojin da in ka cire asusun sai su tafi da wasiƙun gaba ɗaya.

Haka ta faru gare ni sa'ad da nake ɗalibi a nan ƙasar Turai. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ba ya taɓa kwamfuta, amma yakan zaunar da ƙanena ya yi ta faɗa yana rubutawa, a aiko mini. Wasiƙu ne na labarin gona, da farashin hatsi, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu, da gargaɗi kan sanyi. Wata rana ina gyaran tsohuwar kwamfutata zan ba wani ɗalibi, na cire asusuna daga manhajar, ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, ban ko karanta sauran maganar ba, domin na sakankance kome yana gajimare. Da na je na buɗe akwatin daga wata na'ura, sai na tarar ba kome sai wasiƙun mako guda. Ashe shekara uku masinjana mai kwashewa ne ban sani ba. Ba laifin kowa ba ne sai nawa. Wasiƙa huɗu kaɗai na samu daga baya, waɗanda ƙanena bai share daga nasa akwatin ba.

Saboda haka aikin farko, Alhaji, ba cirewa ba ne, dubawa ne. Ka buɗe manhajar shiga intanet, ka je shafin kamfanin da ya ba ka adireshin, ka shiga da kalmar sirrinka. Abin da ka gani a can shi ne ke gajimare. Abin da ka gani a manhajarka amma babu shi a can, wannan a na'urarka kaɗai yake, sai ka yi hattara da shi. Sa'an nan ka ɗauki kwafi ka ajiye. Google yana da wata hanya da ya kira Takeout tun 2011, wadda ke tattara maka dukan wasiƙunka cikin fayil guda irin wanda ake kira MBOX, wanda Thunderbird ke iya karantawa. Tsohuwar manhajar Outlook ita ma tana iya fitar da wasiƙu cikin fayil irin na PST. Ka sa kwafin a wani abin ajiya dabam wanda ba ya cikin kwamfutar, kuma ka buɗe shi ka ga wasiƙun da idonka kafin ka yarda an ɗauka.

Aiki na biyu ya fi gajiyarwa, amma shi ne ya fi tsare mutum daga asara. Adireshin imel a yau ya zama kamar ƙofar zaure, ta nan ake shiga sauran ɗakuna. Banki, da kamfanin jirgin sama, da ofishin biza, da makarantar yara, da Facebook, duk in ka manta kalmar sirri, ta imel suke aiko maka da hanyar sabuntawa. Ko adireshin da ba ka so ɗin, tun da ya yi watanni yana aika wasiƙu da sunanka, lalle akwai waɗanda suka riƙe shi. Ka bi wasiƙun da ke cikinsa ɗaya ɗaya, ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa aiko da wani abu mai amfani, ka sanar da su adireshinka na gaskiya. Ni a ganina ya fi kyau mutum ya bar akwatin a buɗe kamar wata biyu ko uku, ya sa a riƙa juyo masa duk abin da ya faɗa ciki zuwa tsohon adireshinsa in kamfanin ya yarda da haka, har ya ga ƙafa ta ɗauke.

Sa'an nan a zo ga sallamar masinja. A kowace manhaja akwai wurin saituna, a ciki akwai jerin asusu, sai ka zaɓi wanda ba ka so ka ce a cire. A kwamfuta abin bai cika wuya ba. A waya ne ake yin ɓarna, domin a can asusu guda yakan riƙe wasiƙu, da lambobin mutane, da kalanda, duk a ƙulli ɗaya. A wayoyin Android, in ka cire asusun Google, ba daga manhajar wasiƙa kaɗai yake fita ba, daga wayar duka yake fita, lambobin da aka ajiye cikinsa su bi shi. Ba su ɓata ba, suna can wurin kamfani, amma mutum ya wayi gari ya ga wayarsa ba sunan kowa, ai hankalinsa ya tashi. A iPhone kuwa akwai sauƙi, gama kana iya kashe wasiƙa kaɗai daga asusun, ka bar lambobi da sauransu suna aiki.

Akwai kuma wani sabon al'amari da ya kamata ku sani. Dā masinja daga na'urarka yake tashi ya je akwati ya komo. Yanzu waɗansu manhajoji sun sāke hali: masinjan kansa a gajimare yake zaune. Sabuwar Outlook ta Windows haka take aiki da akwatunan da ba na Microsoft ba, irin su Gmail da Yahoo: kwamfutocin kamfanin ne ke zuwa su ɗebo wasiƙun su ajiye kwafi a wurinsu, sa'an nan su nuna maka. Kamfanin yakan faɗi haka a allon da ke fitowa sa'ad da ake haɗa asusun, sai dai mutum nawa ne ke karanta irin wannan allo? Cikin Nuwamba 2023 wata kafar labaran fasaha ta ƙasar Jamus mai suna Heise ta ja hankalin jama'a ga cewa har makullin shiga akwatin yakan tafi can. Abin da wannan ke nufi gare mu shi ne, goge manhaja daga kwamfuta bai isa ba. Wajen cire asusun, in an ba ka zaɓi tsakanin cirewa daga wannan na'ura kaɗai da cirewa daga dukan na'urori, ka ɗauki na biyun. Bayan haka ka je shafin tsaro na kamfanin da akwatinka yake, ka duba jerin manhajojin da aka ba izinin shiga, ka soke wadda ka sallama. In kalmar sirri ka ba ta kai tsaye, to, ka sāke kalmar. Wanda ya kori bara ya bar masa makullin sito, bai gama korarsa ba.

Rufe akwati ɗungum kuwa, ina roƙonku ku yi shi da natsuwa. Asusun Microsoft ba wasiƙa kaɗai ya riƙe ba. Fayilolin da ke OneDrive suna ciki, sau da yawa da shi ake buɗe kwamfutar kanta, kuma a cikinsa ake ajiye makullin BitLocker, watau lambar da ake nema in kwamfuta ta kulle abin da ke cikinta. Wanda ya rufe asusun bai kwafe wannan lamba ba, ran da na'urar ta tambaye shi ita ba mai iya taimakonsa. Saboda haka sai ka fara mai da shigarka kwamfuta ta zama ta gida, wadda ba ta rataya ga asusun ba, ka kwafe lambar a takarda, kana ka nemi a rufe. Kamfanin yana ba da wa'adin kwana 30 ko 60, ka zaɓa, domin in ka sāke shawara ka komo. Google kuma yana yarda ka rufe Gmail kaɗai ka bar sauran asusun, kuma ba ya ba wani adireshin da aka rufe.

Wannan magana ta ƙarshe ba ƙarama ba ce. Cikin 2013 kamfanin Yahoo ya saki adireshin da suka shekara ba a taɓa su ba, ya ce mai so ya ɗauka, sai ga sababbin masu akwati suna samun wasiƙun da aka aiko wa mutanen dā. Barin akwati a yashe shi ma ba tsira ba ne. A wannan shekara ta 2013 ɓarayin intanet suka shiga rumbun Yahoo, kuma sai 2017 aka bayyana cewa abin ya shafi dukan asusunsa, kimanin biliyan 3. Google kuwa ya sanar cikin 2023 cewa asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba yana iya share shi. Watau akwatin da ba ka so, ko dai ka riƙa leƙa shi, ko ka kwashe kayanka ka rufe shi da hannunka.

Saura magana ta biyu ta Alhaji, wadda ita ce mai sauƙin. Me ya sa baƙuwar manhaja ke buɗewa in ya latsa adireshi? Dalili shi ne, a ƙarƙashin kowane adireshi da ake latsawa akwai wata 'yar kalma a ɓoye, mailto, wadda aka sa cikin ƙa'idojin intanet tun 1994. Kwamfuta tana riƙe da wani littafi na wa ke yin wane aiki: wannan manhaja ita ke buɗe hoto, waccan ita ke buɗe waƙa, wannan kuma ita ake kira in an ga mailto. Sabuwar manhaja in ta shigo takan nemi a rubuta sunanta a wannan gurbi, mutum kuwa ya ce to bai lura ba. Gyaran kawai a sāke sunan ne.

A Windows 10 da 11 sai a shiga saituna, a je sashen manhajoji, a nemi wurin da ake zaɓen manhajar da za ta riƙa yin kowane aiki. A Windows 11 akwai gurbin bincike a sama, ka rubuta MAILTO, ka latsa sunan da ya fito, ka zaɓi wadda kake so. A kwamfutar Mac abin yana da ɗan ban mamaki, domin cikin saitunan manhajar Mail ta Apple ake zaɓen, ko da wata kake so ka naɗa a madadinta. A iPhone ba a ba mutane wannan zaɓi ba sai 2020, da fitowar iOS 14. A Android kuwa sai ka je ga manhajar da ta ƙwace aikin, ka soke zaɓin da aka yi mata, nan gaba in ka latsa adireshi wayar za ta tambaye ka wa za a kira, kuma sau ɗaya ne ko kullum. In ka yi duk wannan amma har yanzu shafin intanet ne ke buɗewa, to, ka duba cikin saitunan Chrome ko Firefox, gama su ma sukan tare mailto a hanya su miƙa shi ga wani shafi.

Abu guda ne ba zan ɓoye muku ba. In manhajar da Alhaji ke kewa ita ce 'yar ƙaramar Mail da ke zuwa tare da Windows 10, wannan ba ta komowa, domin Microsoft ya daina tallafa mata ran 31 ga Disamba 2024, sabuwar Outlook ta gaje ta. Wanda ke da tsohuwar Outlook ta cikin Office yana iya ci gaba da ita. Wanda ba shi da ita, ni Thunderbird nake ba shi shawara, wadda ta fito daga gidan Mozilla tun 2004. Kyauta ce, tana zuwa akwati kai tsaye daga na'urarka ba tare da ta ratsa gidan wani ba, kuma wajen haɗa ta takan nuna maka ƙarara ko IMAP za ta bi ko POP. Ka zaɓi IMAP.

In an gama, Alhaji, kada ka tashi sai ka gwada. Ka latsa wani adireshi ka ga wace manhaja ta buɗe. Ka dubi layin sama na wasiƙar, inda aka rubuta daga wa ta fito, ka tabbata adireshinka na dā ne a wurin. Ka aika wa kanka wasiƙa guda, ka jira ta iso. Sa'an nan ka rubuta wa mutumin nan na Legas, ka gaya masa inda takardarsa ta kwana mako uku.